Ɓarawo Ba Ya Satar Rabin Taya

Surukina, wato mahaifin matata, kowa Tela yake ce masa, alhali rabonsa da ɗinka ko aljihun wando ya fi shekara talatin. Saitin ƙafar mota yake yi. In motarka tana ja gefe guda, ko tana cin taya ta ɓangare ɗaya, ko sitiyari ya karkace alhali kana kan miƙaƙƙiyar hanya, wurinsa za a tura ka. Za a ce ka wuce masu walda, ka wuce mai faci, ka nufi rumfa ta ƙarshe mai daɓen siminti. In ka ga dogon tsoho da abin awo rataye a wuya, to ka iso.

Asalinsa telan gaske ne. Shagonsa yana kallon gareji, kwata ce kawai tsakaninsu. Makanikai suka mai da shi wurin aro, yau a ari zare, gobe alli, jibi abin awo, a dawo masa da shi baƙi ƙirin da mai. Shi kuwa yana taka keke yana leƙensu ta taga, yana ganin yadda suke awo. Mutum ya ja zare ya bar shi da tumbi, ya kanne ido ɗaya, ya ce ai ya yi. Abin ya riƙa ci masa rai. Surukata ta ce har gida yake kawo mitar, wai da shi ne ya auna kafaɗar mutum haka, da tuni an zo an ɗaga masa shago. Wata rana yana tsakiyar ɗinka wa wani riga, ya hango an sake irin wannan aika-aikar, sai ya ajiye almakashi, ya tsallaka kwata, ya ce, "Ku ba ni wuri." Bai koma ba ke nan. Mai riga sai wani telan ya ƙarasa masa. Keken yana nan har yau a falon surukata, an lulluɓe shi da ƙyalle an ɗora masa talabijin.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Zare fari, alli, abin awo, ƙaramin ma'aunin ƙarfe, sai gwangwanayen fenti guda huɗu da ya cika da siminti ya kafa wa kowanne sandar ƙarfe. Da su yake ɗaure zare hagu da dama na mota, ya ja shi ya miƙe sak, sannan ya bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana auna tazarar da ke tsakanin zare da bakin wili, gaba da baya. Daɓen nan da hannunsa ya zuba shi, kuma duk wanda ya ce bai daidaita ba sai ya sa a kawo ruwa a zuba, a ga ko zai gangara. Mota a wurinsa mutum ce. Wannan tana da gwame, waccan tana tafiya da yatsu a waje, wata kuma ƙugunta ne ya goce. Ba ya ciniki da mai gaggawa. In ka ce masa kana sauri, sai ya nuna maka hanya da alli.

Abin da ya fi shahara da shi kuwa, ba ya shafa wa magana mai. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a matsayin mai neman 'yarsa, na sha ado, na fesa turaren aro, na shirya jawabi. Tsohon nan ko fuskata bai kalla ba. Takalmina ya ɗauka a bakin ƙofa, ya juya shi, ya shafa dunduniyar da babban yatsa, ya ce, "Kana ci ta waje. Kana da gaggawa." Shi ke nan hirar. Tun daga ranar Direba yake kirana, kuma shekara goma sha huɗu ban taɓa jin kalmar yabo daga bakinsa ba. Da aka miƙa masa ɗanmu na fari, jikansa na farko a duniya, ya daɗe yana dubansa, muna jiran mu ji abin da zai ce, sai ya ce, "Ƙafafun daidai suke."

Ni ma dai ba zan wanke kaina ba. Akwai ranar da muke shan shayi a gidansa, bakina ya kufce, na ce ai yanzu zamani ya wuce zare, akwai wuraren da kwamfuta ke saiti, a manna wa taya fitila a gama cikin minti ashirin. Matata ta taka mini ƙafa, amma magana zarar bunu ce. Tela ya ƙara mini shayi kawai. Daga nan kunya ta hana ni kai masa mota, kunyar ta rikiɗe ta zama girman kai, har shekara shida. Gaisuwa muna yi, zumunci muna yi, amma ko kusa da rumfarsa ba na bi da mota.

Ni direba ne, kamar yadda ya faɗa. Na yi shekara goma sha biyu ina jan bas, sannan Allah ya haɗa ni da uwar ɗakina, likitar haƙori ce, muna ce mata Likita. Shekarata tara da ita. Ni ke kai ta asibiti, ni ke kai 'ya'yanta biyu makaranta, ni ke sanin ranar da za a canza mai. Motarta jif ce fara, doguwa, irin wadda sai ka taka matakala ka hau. Ina ji da motar nan. Kullum da safe sai na wanke ta, na bi tayoyin da buroshi, na ja baya na kalle su, baƙaƙe sumul, zanensu raɗau.

Ashe duk kallon banza nake yi. Wata rana ƙusa ta huda ƙafar baya ta hagu, na tsaya wurin mai faci. Yana ciro tayar ya yi fito, ya juyo mini da ita. Ta waje sabuwa fil, amma gefen ciki, wanda ke fuskantar ƙarƙashin mota, ya zama sanƙo, har waya ta fara leƙowa. Muka leƙa ta dama, ita ma haka. Likita ta ce wataƙila jabu aka sayar mana, aka sa sababbi biyu daga wani shagon. Bayan wata biyar suka sake yin sanƙo a daidai wurin.

A nan ne ƙaninta ya shigo maganar. Mutum ne da ya san komai, daga ciwon ƙoda har siyasar duniya, duk daga wayar hannunsa, don haka a bayan idonsa Masani muke ce masa ni da mai gadin gidan Likita. Ya ce wa yayarsa wannan ai tsohuwar dabarar direbobi ce, a sa sabuwar taya yau, gobe a cire a sayar, a maye gurbinta da tsohuwa da aka shafa wa baƙin mai. A gabana ya faɗa, yana kaɗa makullin motarsa a yatsa.

Likita ba mai hayaniya ba ce, shi ya sa maganarta ta fi ciwo. Ta kira ni falo ta ce, "Malam direba, ba na so in zarge ka. Amma taya huɗu cikin wata goma, kuma kullum na baya. Kai ka ce mini sau uku kana kai ta saiti. Ranar Asabar ka kawo mini bayanin da hankali zai ɗauka. In babu, ka kawo mini makulli."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Na fito ina ta tunani. Ba aikin kaɗai ba, sunan. Direban da aka kora kan satar taya, wane gida ne zai sake ba shi makulli? Labari irin wannan yana riga mutum isa ko'ina. Ga yara uku a makaranta. Ban saci ko bawul ba, amma ba ni da abin da zan nuna. Saiti na yi shi sau uku, a wurin masu kwamfuta, na gani da idona allo ya yi kore. Baya kuwa, a sanina, ba ta da saiti. Duk direban bas ya san wannan, ƙafafun baya a ƙarfe ɗaya suke, gaba ke ja, baya bi kawai take yi.

Da na faɗa wa matata, ko tsayawa da ninke kayan da take yi ba ta yi ba. Ta ce, "Ka je wurin Baba."

Na ce, "Baba zai ci ni ɗanye."

Ta ce, "Gara Baba ya ci ka ɗanye da gari ya ci ka dafaffe. Shekara shida kana zagaye rumfarsa kamar mai tsoron kare. Ka je."

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki Likita, Masani ya bi mu don kada a cuci yayarsa. Na ce musu akwai wani tsoho da ya san ƙafar mota. Ban ce surukina ba ne. Na yi ta juya maganar a raina tun daga gida, in na faɗa su ce haɗin baki ne, in ban faɗa ba in zama maƙaryaci. Har muka wuce masu walda ban yanke shawara ba.

Muka tarar da shi yana share daɓe. Na sauko na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu a wurin, ya kalli motar, ya kalli Likita, ya sa aka ba ta kujera. Kafin in buɗe baki ya sauke mini kayan da na ɗauko.

Ya ce, "Baiwar Allah, kafin in taɓa motarki, wannan mijin 'yata ne. Ban sani ba ko ya gaya miki. Duk abin da zan faɗa na alheri a kansa, ki rage rabi. Na tsiya kuwa ki ɗauka duka."

Masani ya yi dariya ya ce, "Kin gani ko, Yaya? Gida aka kawo mu."

Likita ta dube ni, ni kuwa na dubi daɓe. Ta ce, "Tunda mun zo, a duba."

Aka ɗaga motar da jak, Tela ya sa na kwance ƙafar baya ta hagu da kaina, na mirgino masa ita. Ya tsuguna a gabanta. Ya shafa tafin hannunsa a kan zanen daga waje zuwa ciki, ya dawo da shi daga ciki zuwa waje, sau biyu. Sai ya ce wa Likita ta kawo hannunta. Ta shafa ta wannan ɓangaren, sumul. Ta dawo ta ɗayan, zanen ya riƙa kama mata hannu kamar haƙoran zarto.

Ya ce, "Kin ji? Taya mai tafiya daidai birgima take yi. Wannan jan ta ake yi a karkace, tana birgima tana gogar kwalta. Ke da kike aikin haƙori, in mutum yana tauna da gefe ɗaya, ba kya ganewa?"

Ta ce, "Ina ganewa tun kafin ya faɗa."

"To haka nan ne." Ya juya wurin Masani. "Ɗana, me ka ce an yi?"

Masani ya ce an cire sabuwa an sa tsohuwa. Tela ya ɗauki alli ya zagaye wasu lambobi huɗu a jikin tayar, ya ce ga makon da aka yi ta, ga shekarar, bana ce. Ya sa shi ya sunkuya ya karanta na ɗayar, iri ɗaya. Sannan ya tura ma'aunin ƙarfensa cikin zanen waje, ya nutse, ya kai shi gefen ciki, babu inda zai shiga.

Ya ce, "Rabin nan sabo ne, rabin nan ya mutu. Na daɗe a duniya, na ga ɓarayi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya saci rabin taya ya bar rabi ba. In ka san shi ka kawo mini shi, ina so in ga wuƙarsa."

Wani mai walda da ya matso kallo ya tuntsire da dariya. Masani ya ciro waya ya shiga latse-latse. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ni, har na fara gyara tsayuwa, ina tunanin irin kallon da zan yi wa Masani a hanyar komawa. Na manta da wanda nake gabansa.

Aka mayar da taya, aka sauke motar, aka tura ta gaba da baya don ta zauna. Ya jera gwangwanayensa, ya ja zare, ya ɗan kaɗa shi da yatsa ya ji ƙararsa. Ya auna ƙafafun gaba, ya ce wanda ya yi wannan ya iya aikinsa, ko mutum ne ko kwamfuta. Ya zo baya ya tsuguna, ya auna, ya rubuta a daɓe da alli, ya sake aunawa. Ya kira Likita ta gani da idonta. Gaban tayar ya kusa taɓa zare, bayanta ya yi nisa. Ya ce ƙafafun baya duka biyu yatsunsu a waje suke, ta hagu ta fi, ga kuma ɗan gwame, samansu ya kwanta ciki. Irin waɗannan manyan motoci, in ji shi, da ma ƙafar bayansu tana da ɗan kwanciya don kada su kife a kwana, to in yatsu suka buɗe a kan haka, gefen ciki ne ke ɗaukar wahalar duka.

Daga nan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi. Can sai na ji muryarsa. "Direba, zo nan."

Na kwanta kusa da shi. Ya haska mini wani noti da tocila, a jikin hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Noti ne mai faifai a gindinsa, da zane-zane kamar na agogo. Tsatsa da busasshen laka sun rufe shi ruf.

Ya ce, "Ka san wannan?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Na saitin baya ne. Wannan ba bas ba ce, kowace ƙafa zaman kanta take yi. Tun da aka ƙera motar nan sifana bai taɓa hawa kansa ba." Ya fito, na fito. A gaban kowa ya tambaye ni, "Sau nawa ka kai ta saiti?"

"Sau uku."

"Masu kwamfutar ba su ce a duba baya ba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sun ce. Duk zuwa sai sun ce, ni kuma in daka musu tsawa, in ce kada su raina mini hankali, na yi shekara goma sha biyu a kan bas kafin su san hanyar makaranta, baya ba ta da saiti, wayo ne kawai na ƙara aiki. Har alfahari nake yi wa mai gadi cewa ba a cutar uwar ɗakina ina tsaye. Na faɗi wannan duka, muryata ƙasa-ƙasa. Ya sake tambaya ko motar ta taɓa dukan wani abu da baya. Na ce bara da damina, ina ribas, ƙafar hagu ta faɗa bakin kwalbati, amma da na ga ba ta lotsa ba ban gaya wa kowa ba.

Tela ya karkaɗe rigarsa ya ce wa Likita, "To kin ji. Ba ɓarawo ba ne. Taurin kai ne da ƙarancin tambaya. Kuma kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. Tayar nan in ta fashe a guje, da 'ya'yanki a baya, doguwar mota irin wannan ba ta tsayawa a kan ƙafafunta. Gara a ce sata ya yi, da sauƙi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, yau tsohon nan ya rama maganar kwamfuta, ya ciro ni daga rijiya ya jefa ni kogi. Amma abin da ya fi ɓacin ran shi ne gaskiya ya faɗa. Yaran nan biyu a hannuna suka girma, ƙaramar har yau Kawu take ce mini. Ina ta ɗaukarsu a kan waya tsirara, ina goge wajen taya da buroshi. Na ciro makulli daga aljihu, na ajiye a kan bencin da ke kusa da Likita, na koma gefe na tsaya.

Ta kalli makullin. Masani ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ya rufe. Sannan ta ce, "Baba, ka ce in rage rabi, zan rage. In kai ne ni, za ka bar masa motar?"

Tela yana naɗe zare a yatsunsa. Bai dube ni ba, bai dube ta ba.

Ya ce, "Mota ban sani ba, taki ce. Ni dai abin da na ba shi ya fi mota. Shekara goma sha huɗu ke nan. Duk zuwan da 'yata take yi gida, ba adonta nake kallo ba, wannan kowa ya iya gyara shi. Inda ba a kallo nake kallo, yadda take zama, yadda take dariya, abin da ba ta faɗa ba. Har yau ban ga inda ta zaizaye ba." Ya cije zaren da haƙori ya tsinke shi. "Ki rage rabi."

Likita ta ce, "Na rage. Abin da ya saura ya ishe ni." Ta ɗauki makullin ta miƙo mini. Ta ce daga yau duk abin da motar ta daka, ko dutse ne ko kaza, tana so ta ji kafin rana ta faɗi.

Na karɓa da hannu biyu. Ashe duk shekarun nan da nake zaton ba ya ganina, tsohon nan aunawa yake yi. Idona ya ciko, ni da gemuna, a gaban uwar ɗakina da Masani da mai walda. Na rasa inda zan kai fuskata, sai na ja kwalin nan na shige ƙarƙashin motar, wai zan kankare tsatsar noti. Na daɗe a can ban kankare komai ba. Shi ma bai kira ni ba, sai da ya ji na share hanci, sannan ya turo mini sifana da ƙafa.